Abin da aka tattauna kan tsofaffin littattafanmu da sabunta su

An tattauna ko ya dace a sabunta tsofaffin littattafan labarai na Hausa, wato a sake ba da labaransu ta sabuwar siga. Zancen ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda cewa littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, har yau ba su gundura. Dalilin da aka fi kawowa shi ne Hausarsu: karin magana, barkwanci, da labari mai tafiya babu jan rai.

2. Masu goyon bayan sabuntawa sun tuna mana cewa Abubakar Imam ma haka ya yi. A Magana Jari Ce ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai, ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Wannan hujja ta fi kowace ƙarfi a ganina.

3. A kan mayar da su fim aka rabu. Wasu suka ce fim yana kai labari inda littafi bai kai ba, suka ba da misalin Shaihu Umar da aka yi fim ɗinsa a 1976. Wasu kuwa suka ce daɗin yana cikin bakin mai ba da labari, in aka cire shi an cire gishirin. Ba a daidaita ba.

4. Ga mai son sabuntawa: ya karanta asalin tukuna, ya nemi izinin masu haƙƙi, kuma kada ya cusa soyayya inda babu ita.

5. Iyaye su riƙa karanta wa yara da baki, kafin a miƙa musu waya.