Shin László Bíró ne ya ƙirƙiro biro, ko sunansa kawai aka liƙa wa aikin wasu?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Zan kawo wata magana da na san ba kowa zai yarda da ita ba. Kalmar biro da muke faɗa kullum a makaranta da ofis da kasuwa sunan mutum ce, wato László Bíró, ɗan jarida ɗan ƙasar Hangari, wanda aka haifa a Budapest a 1899, ya rasu a Buenos Aires ta Ajantina a 1985. A ganina an ba shi abin da ba nasa ba. Tun ranar 30 ga Oktoba 1888, shekara goma sha ɗaya kafin a haife shi, wani Ba'amurke mai suna John J. Loud ya samu takardar mallakar fasaha ta alƙalami mai ɗan ƙwallon ƙarfe a baki, wanda yake juyawa yana ɗebo tawada yana shafa ta a inda ake rubutu. Idan wannan ce asalin dabarar, to Loud ne mai ita, Bíró kuwa kwaskwarima ya yi mata.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Shekarar da ka kawo daidai ce, amma ka tsallake abin da Loud ya yi alƙalamin dominsa. Don sa alama a jikin fata da sauran abubuwa masu kaushi ya ƙera shi, kuma a kan takarda bai yi kyau ba ko kaɗan, shi ya sa bai shiga kasuwa ba har wa'adin takardarsa ya ƙare. Tsakaninsa da Bíró akwai shekara hamsin, kuma a cikinsu mutane da dama sun gwada wannan dabara ta ƙwallo, kowa ya ci karo da matsala ɗaya: ko tawada ta yi ruwa ta zube, ko ta yi kauri ta ƙi fitowa. Da a ce kwaskwarima ce kawai ta rage, da ba a ɗauki rabin ƙarni ana nemanta ba.

Malam Habibu: Hajiya, rashin kasuwa ba ya kore fifikon wanda ya fara. Wanda ya haƙa rijiya ba a mance shi don wani ya zo daga baya ya ɗaure mata baki.

Malam Iliyasu: Malam Habibu, misalin rijiyar nan bai zauna ba, domin rijiyar Loud ba ta kai ga ruwa ba. Ni na taso a tsangaya, kuma duk wanda ya taɓa haɗa tawada da hannunsa ya san cewa alƙalami rabin aiki ne. Za ka fiƙe alƙalaminka na gamba ya yi baki mai kyau, amma idan ƙaro ya yi yawa a tawadar sai ta riƙa maƙalewa, harafi ya fito a yayyanke, idan kuma ruwa ya yi yawa sai ta gangaro a kan allo ta ɓata maka layin da ke ƙasa. Mun sha wanke allo saboda haka kafin malam ya gani. Abin da Bíró ya gano yana nan ne. A matsayinsa na ɗan jarida ya lura cewa tawadar da ake buga jarida da ita tana bushewa nan take ba ta dame takarda, alhali ta alƙalamin zamaninsa, mai shan tawada ta ruwa, sai an jira ta ko an danna mata takardar tsotsewa. Ya zuba ta jaridar a alƙalami, ta ƙi gangarowa saboda kauri. Daga nan ne shi da ɗan'uwansa György, wanda yake da ilmin haɗa sinadarai, suka duƙufa neman tawadar da kaurinta zai dace da ɗan ƙwallon da ke zaune daram a gurbinsa, yana juyawa amma ba ya barin ta tsiyaye idan ba a rubutu. Daidaita tawada da ƙwallo shi ne ƙirƙirar, kuma shi ne abin da ya samu takardar mallaka a kansa a 1938.

Injiniya Bashir: Na yarda da Malam Iliyasu a kan tawada, kuma akwai shaida a aikace: rundunar sojin saman Birtaniya ta karɓi alƙalamin Bíró a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda a can sama, inda matsin iska yake raguwa, alƙalamai masu tawadar ruwa suna yoyo, nasa kuwa ba ya yi. Sai dai ni ƙorafina daban ne. Biron da ke aljihun ɗan firamare a yau ba Bíró ne ya kai shi can ba. Lokacin da wani ɗan kasuwar Amurka, Milton Reynolds, ya fara sayar da nasa samfurin a kantin Gimbels na New York ranar 29 ga Oktoba 1945, dala 12.50 ne kuɗin guda ɗaya, wato kayan masu hali ne. Marcel Bich na Faransa ne ya fito da Bic Cristal a 1950, mai jiki garai-garai da ake ganin ragowar tawada, mai kusurwa shida don kada ya gangare daga tebur, da ɗan ƙaramin rami a gefe da ke daidaita iskar ciki da ta waje. Zuwa 2006 an sayar da guda biliyan 100. Idan ana maganar wanda ya sauya rayuwar mai rubutu, Bich nake gani.

Hajiya Rabi: Injiniya, ai Bich sayen haƙƙin fasahar ya yi daga wajen Bíró, kuma ɗan kasuwa irinsa ba zai biya kuɗi a kan abin da yake kwance a fili tun 1888 ba. Ban da haka, ina so mu dubi halin da mutumin nan ya yi aikin a ciki, domin yana taɓa ni ƙwarai. Bíró Bayahude ne, kuma a 1938, shekarar da aikinsa ya fara nuna, a ita ce Hangari ta kafa sababbin dokokin takura wa Yahudawa. Ya bar ƙasarsa zuwa Paris, yaƙi ya iske shi a can, ya sake tashi har ya isa Ajantina. A baƙuwar ƙasa mai baƙon harshe ya sake ɗaura ɗamara, ya nemi sabuwar takardar mallaka ranar 10 ga Yuni 1943, ya kafa kamfani tare da abokinsa Juan Jorge Meyne. Mutanen Ajantina sun san darajar abin da ya yi, shi ya sa ranar haihuwarsa, 29 ga Satumba, ita ce ranar masu ƙirƙira a ƙasarsu.

Malam Habibu: Na sauka daga kan batun Loud, domin bayanin Malam Iliyasu a kan tawada ya gamsar da ni cewa ƙwallo shi kaɗai bai isa ya zama biro ba. Amma wannan bayanin ne kuma ya buɗe mini wata ƙofa. Idan tawadar ce zuciyar al'amarin, kuma György ne masanin sinadarai a cikinsu, me ya sa László kaɗai ake ambato? Ko a Ajantina sunan da suka sa wa alƙalamin, wanda har yau mutanen ƙasar suke kiransa da shi, Birome ne, an haɗa Bíró da Meyne, wato su da kansu ba su ɗauke shi aikin mutum ɗaya ba. Malam Iliyasu, kai da ka haɗa tawada da hannunka, idan wani ya fiƙe alƙalami wani kuma ya dama tawadar, wa za ka ce ya yi kayan rubutun?

Malam Iliyasu: Zan ce su biyun ne, Malam Habibu, kuma György ya cancanci a riƙa ambatonsa fiye da yadda ake yi. Sai dai László ne ya tsaya a ɗakin buga jarida ya lura da yadda tawadar take bushewa, shi ne ya kai wa ɗan'uwansa matsalar, shi ne kuma ya ɗauke ta daga Budapest zuwa Paris zuwa Buenos Aires bai ajiye ta ba. Sunan Bíró kuwa na gidansu ne, György ma da shi ake kiransa.