Kek a Rayfield, Baba a kan injin wankin ƙoda

Ɗan Angwan Rogo: Jama'a ku gaya mini gaskiya. Uba na kwance, ƙodojinsa sun daina aiki, sau 2 a mako ake kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo wankin ƙoda, sai 'ya'yansa su kama wuri a unguwar Rayfield su yi wa autarsu bikin zagayowar ranar haihuwa, da kek da mai kiɗa da mai hoto. Abin ya fara zama ruwan dare a garin nan kuma kowa ya yi gum. Wallahi rashin imani ne.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanena, janye kalmar nan. Imani a zuciya yake. Wa ya ba ka ma'auninsa?

Ɗan Angwan Rogo: Anti, rashin tausayi nake nufi, kowane Bahaushe ya san haka.

Malamin Islamiyya: Ko da ya nufi imanin gaske bai yi nisa ba. Bikin kansa ba shi da asali a addini, ko uban na lafiya ko ba ya lafiya. Koyi ne da wasu.

Baffa na Gangare: Malam, ga ku nan kuma. Komai bidi'a. An tambayi Annabi (SAW) kan azumin Litinin, ya ce ranar aka haife shi. Yana cikin Sahihu Muslim.

Malamin Islamiyya: Azumi ya yi, Baffa, bai hura kyandir ba.

Baffa na Gangare: Tun 1978 da aka kafa Izala a garin nan muke wannan gardama da ku, ba yau za a gama ta ba.

Sista Mai Jinya: Don Allah ku dawo kan mara lafiya. Ni ba kek ɗin ne damuwata ba, ranar da abincin ne. Zama ɗaya a kan inji kusan awa 4 ne, mutum ya sauko jiki a mace, wani lokaci jini ya faɗi, jiri na ɗibarsa. Ranar wanki ba ranar taro ba ce. Jajiberin wanki ma haka, domin lokacin ruwa ya fi taruwa a jiki. Washegarin wanki ita ce ta fi. A yi a gida, mutum 10 ko ƙasa da haka, awa ɗaya a tashi. Mai mura ko tari ya zauna gidansa, kowa ya wanke hannu kafin ya gaida shi. In bututun wankin a wuyansa yake, kada ruwa ya taɓa wurin, kada yara su ɗale shi. In a hannu aka haɗa masa jijiya, kada a danne hannun ko a ja shi wajen ɗaukar hoto.

Maman 'Yan Biyu: Sista, abinci fa? Nan ake yin ɓarna, kowa na cewa "Baba ɗan taɓa mana."

Sista Mai Jinya: Wannan "ɗan taɓa" ɗin ne ke kai mutane asibiti tsakar dare. A dafa nasa daban, gishiri da magi kaɗan ƙwarai. Ayaba, lemu, dabino da dankalin Turawanmu na Jos duk cike suke da sinadarin fotasiyam, in ya yi yawa a jini yana iya tsayar da zuciya. Dankalin in dole ne, a fere, a yanka ƙanana, a tafasa cikin ruwa mai yawa a zubar da ruwan. Abin sha kuwa, yawanci likita kan ƙayyade kimanin leda ɗaya ta fiya wata, wato rabin lita, a ƙara da gwargwadon fitsarin da ya yi jiya. Shayi da kunu da romo duk a cikin lissafin suke. Lemon kwalba kada ma a ajiye kusa da shi.

Ɗan Angwan Rogo: Duk na ji, amma kuɗin fa? Wanki ɗaya in aka tsallake, ruwa ya cika huhu, numfashi ya gagara. Kuɗin haya da kek sai su biya zama guda.

Ƙanwar Kowa: Yaya, wa ya nuna maka aljihunsu? Kuma autar nan yarinya ce, wata da watanni gida babu dariya. Sau da yawa uban da kansa ke cewa a yi mata. An tambaye shi?

Malamin Islamiyya: Ko ya ce a yi, ba ya halatta abin.

Baffa na Gangare: Amma walimar saukar ɗalibanku da rumfa da lasifika ta halatta ko?

Malamin Islamiyya: Kada ka haɗa Alƙur'ani da kek, Baffa. Ka ji tsoron Allah.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, akasari an yarda bikin bai dace ba, kuma Malam ya kawo hujja mai ƙarfi. Wanda ya nace sai ya yi, ya bi bayanin Sista. Kuɗin kek a kai asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Na rufe.

Ƙanwar Kowa: Ranka ya daɗe, mutum 2 ne kawai suka ce bai dace ba, ka ƙirga.