Neman shawara: motar gida mai silaid huɗu ko tsohuwar Prevost marar ko ɗaya?

Baban Khalifa, Houston

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 13 ke nan ina jan tirela a Amurka, na ratsa jihohi da dama, amma iyalina ba su san ko'ina ba sai Texas. Na ƙudurta in Allah ya yarda zan sayi motar gida ta hannu, wato babbar mota mai falo da kicin da ɗakin kwana a ciki, mu riƙa fita da yara lokacin dogon hutu. Mu shida ne, bakwai idan Hajiyarmu ta zo daga Kano.

Guda biyu na gani. Ta farko Tiffin Allegro Bus ce ta 2008, ƙafa 42, mai silaid huɗu, wato ɓangarorin jikin motar da ke turowa waje kamar durowa idan an tsaya, falo da ɗakin kwana su ƙara faɗi. Ta biyu bas ce ta Prevost ta 1998 da aka mayar gida, ƙafa 45, ba ta da silaid ko ɗaya. Injinta Detroit Series 60 ne, wanda na sani kamar yunwar cikina. Kuɗinsu ba shi da nisa da juna. Zuciyata tana wajen Prevost saboda ƙarfin jikinta, uwargida kuwa tun da ta ga falon ɗayar a buɗe ta ce magana ta ƙare. Don Allah wanda ya taɓa riƙe mai silaid ya faɗa mini gaskiya, daɗin ya kai wahalar?

Maman Ilham, Columbus

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Ni dai ina bayan uwargida. Faɗin kowace irin motar nan ba ya wuce inci 102 daga waje, doka ce, wato ƙafa takwas da rabi. Ka cire kauri na bango, ka sa kujera a wannan gefe, kicin a wancan, abin da ya rage lungu ne da mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya raɓe. Tamu silaid uku gare ta, biyu suna kallon juna a falo. Idan aka buɗe su muna shimfiɗa darduma mu yi jam'i, maigida a gaba, ni da yara a baya, ba tare da an ɗaga komai ba. Ranar da ruwa ya wuni yana zuba kuma yara huɗu suna ciki, a nan za ka san darajar wannan filin.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ka koma da ita, ka ce mai motar ya rufe silaid ɗin duka, sannan ta shiga. Ta gwada buɗe firij, ta je banɗaki, ta kai ga gado. A haka motar za ta kasance duk tsawon tafiya, kuma masu sayarwa a buɗe suke nuna ta kullum.

Malam Garba, Elkhart

Ƙanena, sana'ata ke nan, shekaru ina gyaran su a nan Indiana inda aka fi ƙera su. Tun wajen 1990 da kamfanin Newmar na Nappanee ya fara sa silaid a manyan motocin gida, kasuwa ta juya gaba ɗaya, yau da wuya ka ga sabuwa babba marar shi.

Silaid rami ne aka yanka a bangon mota, aka cusa akwati a ciki. Kowane ɗaya yana da abin da ke tura shi, ko dai ƙaramin injin lantarki da haƙoran giya, ko famfon mai na haidurolik. Mutane sukan ji tsoron injin silaid ɗin ya mutu, amma ba a nan gizo ke saƙa ba, domin inji ana canja shi cikin yini. Abin da ke kashe motar ruwa ne. Zagaye da kowane silaid akwai roba iri biyu, mai share ruwa lokacin shiga da fita, da mai kumburi da ke toshe kafa idan ya zauna. Zafin ranar Texas yana busar da robar nan ta tsage. Ruwa ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan ba wanda ya gani, sai katakon ƙasan ya ruɓe. Ranar da ka ji ƙasa ta yi laushi a kusurwa, ɓarnar ta daɗe da faruwa, kuma gyaranta sai an zare silaid ɗin gaba ɗaya.

To mota ta 2008 mai guda huɗu, wuri huɗu ke nan da za ka bincika. Ka hau tsani ka duba rufin kowanne da rumfar da ke kansa. Ka danna ƙasan kusurwoyi da yatsa daga waje. Ka sa a buɗe a rufe sau biyu ko uku kana saurare, ka ga ko gefe ɗaya yana riga ɗaya, ka duba tayil ɗin ƙasa ko silaid ɗin ya kankare shi. Wanda ke ɗauke da kicin ya fi buƙatar ido, saboda bututun ruwa da wayoyi suna lanƙwasawa duk lokacin da ya motsa. Kada ka tsaya a idonka kaɗai, ka biya mai binciken da ke da takardar NRVIA, ƙungiyar masu binciken motocin gida, ya zo da na'urar auna danshi.

Sai nauyi. Kowane silaid yana cin wani kaso na kayan da aka yarda motar ta ɗauka. Kai direba ne, ka san sikelin CAT na auna nauyin manyan motoci. Ka cika tankin ruwa da na mai ka hau, ka kwatanta da lambar da ke jikin takardar motar.

Kada kuma ka ɗauka Prevost ba ta da nata. Ƙarfen jikinta ba wasa, amma mota ce da ta haura shekara 25, jakunkunan iskar da ke ɗauke da jikinta da layukansu da na'urorin sanyaya duk sun tsufa, kuma kayan gyaranta kuɗin bas ne.

Alhaji Nura, Minneapolis

Duk abin da Malam Garba ya faɗa haka yake. Ni ta taɓa faruwa da ni. Mun kwana a wani sansani a Dakota ta Kudu, da safe silaid ɗin ɗakin kwana ya ƙi komawa. Mota ba ta hawa titi da abu a waje, haka muka ƙara kwana biyu muna jiran bakanike. Daga baya na gane akwai hanyar mayar da shi da hannu, tana cikin littafin motar, ban taɓa karantawa ba. Ka sa mai sayarwa ya nuna maka ita kafin ka biya. Ka tambaye shi kuma wanne ake fara yi, saukar da jak motar ta zauna lebur ko fitar da silaid, domin kamfanoni sun bambanta a kan haka. Batir mai rauni ma yana hana shi motsi.

Sanyi kuma yana shiga ta wajen silaid fiye da ko'ina. Idan dare ya yi tsanani mukan janye biyu ciki mu kwanta.

Sadiq, Dallas

Yaya, ka yi tunanin inda za ku riƙa kwana a hanya. A filin ajiye motoci na kantin Walmart da ya yarda a kwana, ko wurin hutawa na babban titi, ba a son ka baje silaid, wani lokaci ma tirela ce a gefenka babu fili. A tsofaffin sansanonin gandun daji kuwa bishiya ce za ta hana ka, ga tsawon ƙafa 42 ko 45 da ba kowane wuri ke karɓa ba. A nan marar silaid ta fi, ka tsaya kawai ka kwanta. Amma ranar sayarwa mai silaid ta fi saurin samun mai saye.

Akwai abin da ban ji an taɓo ba. Motocin alfarma irin waɗannan yawanci don mata da miji aka tsara su. Ka ƙirga bel ɗin kujera nawa ne a kowacce, da wurin kwanan mutum nawa. Ku bakwai ne fa.

Baban Khalifa, Houston

Allah ya saka muku da alheri. Sadiq, wallahi maganar bel ba ta zo mini a rai ba sam, na kira mai Prevost yanzu ya ce zai duba ya faɗa mini. Ranar Asabar za mu koma wajen Allegro ɗin da uwargida, a rufe za ta fara shiga kamar yadda Maman Ilham ta ce, ni kuma zan tafi da tsani. Malam Garba, idan na ɗauki hoton robobin da ƙasan kusurwoyin na turo maka, za ka iya duba mini kafin in kira mai binciken?

Malam Garba, Elkhart

Turo, ba komai. Ka ɗauka da rana, daga ciki da waje, silaid a buɗe rabi don robar ta fito sosai. Ka haɗa da na ƙarƙashin wanda ke ɗauke da kicin.