Shin madara tana wanke ƙurar huhu?

Mai injin niƙa: Salamu alaikum jama'a. Hunturu ya kama, ƙura ta lulluɓe Maradi, daga bakin babbar kasuwa ba ka hango ƙarshen titi. Shawarata ga ƴan kabu-kabu da masu sana'a irin tawa, kowa ya riƙa shan madara da yamma, tana wanke ƙurar da ta taru a huhu. Tun ina saurayi nake cikin garin hatsi, da ita nake riƙe.

Ɗan kabu-kabu: Haka ne Baba. In na dawo daga hanyar Tibiri maƙoshina kamar an zuba yashi, ina shan kofi guda sai in ji ya washe.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Baba, ka gafarce ni, amma madara ba ta zuwa huhu ko ɗigo guda. A wuya hanya biyu ce, ta gaba ta iska, ta baya ta abinci. Duk lokacin da mutum ya haɗiye abu, akwai ɗan murfi da ke rufe bakin ta iska, sai abin ya gangara ciki. Ranar da ruwa ya kuskure ya shiga ta gaba, shi ne muke cewa mutum ya ƙware, kuma kowa ya san tarin da ke biyo baya. Da madara za ta isa huhu, da ciwo za ta kawo.

Mai injin niƙa: To ɗiyata, daɗin da nake ji fa? Ƙarya jikina yake yi mini?

Ma'aikaciyar jinya: A'a Baba, ba ƙarya ba ne. Tana jiƙa maƙoshin da ya bushe, tana tafiya da ƙurar da ta manne a nan. Iyakarta ke nan. Huhu da nasa masu shara ya zo. Gashin hanci yana tare manyan ƙwayoyin ƙura. Daga nan hanyar iska ta rabu biyu, dama da hagu, tana ta rassa kamar bishiya, bangonta shafe da majina, ƙarƙashinta wasu gasu ƙanana da ido ba ya gani suna ta kaɗa ta sama dare da rana. Kakin da kake tofarwa da safe mai launin ƙasa aikinsu ne. Abin da ke kashe musu ƙarfi hayaƙi ne, na taba da na icen girki.

Malamin lakwal: Malama ta yi daidai, haka muke koya wa yara. Huhun dama kashi 3 ne, na hagu 2 saboda zuciya ta ci wuri. A ƙarshen rassan akwai ƴan jakunkunan iska sama da miliyan 300, nan oksijin ke ratsawa cikin jini. Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti yana zaune, ku lissafa ƙurar yini guda.

Ɗan kabu-kabu: Amma Malam, har masu walda da masu fenti madara suke sha. Duk sun ɓata?

Tsohon ɗan Jado: Ƙane, bari in sa baki. Na je haƙar zinariya Jado, can arewacin Nijar, bayan da aka gano ta a 2014. A wurin fasa dutse kowa da gwangwanin madararsa, da ita muka dogara, babu mai ɗaura komai a fuska. Wani abokina yanzu ba ya iya tafiya daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta. An yi masa radiyo, wato hoton ƙirji, lokotoro ya ce ƙurar dutse ce ta sauka can ƙasan huhu ta yi tabo, kuma tabon ba ya gogewa. Wallahi abin yana cin raina, don ni ma na sha gaya masa ya ƙara shan madara.

Ma'aikaciyar jinya: Allah ya ba shi sauƙi Yaya. Wannan nake tsoro. Ƙurar da ta fi laushi tana wuce hanci da majina ta kai jakunkunan, inda babu gasun nan. Ku sha madara, abinci ce mai gina jiki, amma a ɗaura takunkumi, a yayyafa ruwa inda ake fasa dutse. Wanda tarinsa ya wuce sati 2 kuma ya je a auna kakinsa, kada tarin fuka ne.

Mai injin niƙa: Ni dai ban bar madarata ba, kuma ban gama yarda ba. Sai dai zancen ɗan Jado ya taɓa ni. Yaran da ke tsaya mini a bakin inji su uku ne, ƙaramin yana tari tun kaka. Ɗiyata, rawani ya isa ko sai takunkumin kanti?

Ma'aikaciyar jinya: Rawani ya fi babu, Baba, amma garin mai laushi yana ratsa shi. A samo wanda ke kama hanci da haɓa sosai. Ƙaramin kuma a kai shi awo gobe da safe, kada a jira.