Neman kalmar Hausa: me za mu kira “antiropoloji”?

1. 'Yan'uwa masu kishin harshe, na zo da kalma ɗaya da ta hana ni sakat. Autarmu ta samu gurbin digiri a fannin da Turawa ke kira “soshal antiropoloji”. Karatun shekara huɗu ne: biyu a jami'arta, ta uku a wata jami'a a wata ƙasa dabam, sannan ta koma ta kammala. Ranar da takardar ta iso, Inna ta riƙe ta da hannu biyu, ta juya gaba ta juya baya, ta ce da ni, “Babba, wai me Auta za ta karanta ne?” Na ce ilimin ɗan Adam. Ta ce, “Likita ke nan?” Na ce a'a, al'adun mutane. Ta yi shiru, can ta ce, “Al'ada kuma sai an bar ƙasa ake koyonta?” Na kasa ba ta amsar da za ta gamsar, abin kuwa ya tsaya mini a rai, domin ilimin da uwa ba za ta iya faɗa wa maƙwabciyarta sunansa ba, bai gama shigowa gida ba.

2. Asalin kalmar daga Girkanci take: “antiropos” mutum, “logos” magana ko ilimi. Shi ya sa fassarar da ke fara zuwa baki ita ce “ilimin ɗan Adam”. Larabawa ma haka suka yi, “ilmul insan”. Ban ƙi ta ba idan ana nufin babban gidan gaba ɗaya, yadda Franz Boas da almajiransa suka tsara shi a Amurka da ɗakuna huɗu: nazarin jikin mutum da asalinsa, tonon kufai, harshe, da al'ada. Amma Auta ɗaki ɗaya za ta shiga, na al'ada. Ga shi kuma mun riga mun ba saikoloji “ilimin halayyar ɗan Adam”, kalma ɗaya ce tsakani, mai sauraron rediyo ba zai bambance ba.

3. “Ilimin zamantakewa” da ya fi kusa, soshiyoloji ta daɗe da shimfiɗa tabarma a kansa. “Nazarin al'adu” kuma, a kunnen mutane da yawa, bai wuce bukukuwa da sutura da raye-raye ba, alhali fannin nan ruwansa ne a kasuwa, a kotu, a gadon asibiti, a rabon gado, a bashi da kyauta.

4. Akwai wadda na ji ana faɗa da nake roƙon a bar ta: “ilimin ƙabilu”. Tana da tarihi, tarihin kuma ba mai daɗi ba ne. Lokacin da aka ba James Frazer kujerar farfesa ta wannan fanni a Jami'ar Libaful ta Ingila a 1907, yawancin abin da ya rubuta a kan mutanen nesa daga wasiƙun 'yan mishan da jami'an mulkin mallaka da matafiya ya tattaro shi, yana zaune a ɗakin karatu. A wancan zamani Bature ne mai dubawa, waɗanda aka mallaka su ne abin dubawa. Masu fannin da kansu sun yi wa wannan tarihi tankaɗe da rairaya, musamman bayan littafin da Talal Asad ya tattara a 1973 a kan alaƙar antiropoloji da mulkin mallaka. Daga baya wata masaniyar fannin, Karen Ho, ta zauna cikin ma'aikatan manyan bankunan Wall Street a Niyok ta rubuta littafi a kansu a 2009, da irin hanyar da aka bi aka yi nazarin masunta da makiyaya. Idan muka ce “ƙabilu” mun mayar da fannin baya da shekara ɗari, kuma mun yarda cewa wasu al'umma ne, wasu ƙabila.

5. To ni ga inda na dosa. Tunda abin da ake nazari, wato mutum, kowane fanni na da rabo a cikinsa, a nemo sunan daga yadda ake yin aikin. Aikin kuwa zama ne. Bronislaw Malinowski ɗan Folan ne, yana Ostireliya yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914. Tsakanin 1915 da 1918 ya yi kusan shekara biyu a tsibiran Trobriand, gabas da Niyu Gini. Bai sauka gidan Turawa ba, ya kafa tantinsa a ƙauyen Omarakana, ya koyi harshen mutanen har ya daina neman tafinta. Da haka ya gane “kula”: sarƙoƙin jan wuri suna zagaya tsibirai ta hanya ɗaya, awarwaron farin wuri suna zagayawa ta ɗaya hanyar, ba mai riƙe su ya daɗe, mutane na tsallaka teku a kwalekwale domin su miƙa wa abokin hulɗa. Ɗan kasuwar da ya kwana biyu ya wuce zai ce wauta ce, kaya ba a ci ba a sayarwa. Wanda ya zauna shi ya ga cewa martaba da girma da amana da zaman lafiya tsakanin tsibirai duk a kan sarƙoƙi da awarwaron nan suke tafiya. Littafinsa ya fito a 1922, daga nan zama da mutane ya zama sharaɗin shiga sana'ar.

6. Bari in daɗe kaɗan a kan misalin da na fi so. Masanin Ingila Evans-Pritchard ya zauna da al'ummar Azande, a yankin da yake Sudan ta Kudu a yau, a tafiye-tafiye tsakanin 1926 da 1930. Rumbu kan faɗo wa mutanen da suka fake a inuwarsa da rana, sai a ce maita ce. Baƙon kwana ɗaya zai ce ba su san gara ba. Sun santa sarai, sun san ita ke cinye ƙafafun rumbu, sun san zafi ne ya kai mutane inuwa. Tambayar da suke yi wata ce: me ya sa ya faɗi a daidai wannan sa'a, a kan waɗannan mutane? Gara ta amsa “ta yaya”, ba ta amsa “don me ni” ba. Wannan fahimta ba ta fitowa daga takardar tambayoyi mai akwatin “e” da “a'a”. Sai an ci an sha tare, an je jana'iza, an ji yadda ake maganar bayan an daina jin kunyar baƙo.

7. Shawarata: “ilimin zaman al'ummu”. Zama, domin shi ake nazari kuma da shi ake nazarin. Al'ummu a jam'i, domin kwatanci ne ƙashin bayan fannin, ba ka sanin abin da ke naka na musamman sai ka ga na wani. Na gwada ta a baki: “Me kike karanta?” “Zaman al'ummu.” Sashen Nazarin Zaman Al'ummu. Masanin zaman al'ummu, masaniyar zaman al'ummu. Ba ta sarƙe harshe. Kuma tana da dangi a wajen magabata: Ibni Haldun a 1377 ya kira sabon iliminsa “ilmul umran”, ilimin rayuwar mutane a haɗe. Kafinsa Albiruni ya koyi Sansikirit, tsohon harshen Indiya, ya rubuta littafi a kan mutanen Indiya wajajen 1030, yana kawo maganarsu yadda suka faɗe ta ko da bai yarda da ita ba.

8. Na dawo, na karanta amsoshinku, Allah Ya saka da alheri. Wani malami ya ce “zaman al'ummu” da “zamantakewa” tushe ɗaya ne, ɗalibai za su rikice. Gaskiya ne, Malam, amma fannonin biyu ma 'yan ɗaki ɗaya ne, jami'o'i da dama sashe ɗaya suke ba su. Kusancin sunan bai yi ƙarya ba. Wasu kuma sun ce a ari kalmar kawai, a ce “antiropoloji” kamar yadda muka ari “kwamfuta”. Kwamfuta abu ce da za ka nuna da yatsa, yaro ya gane. Wannan kuwa ba a nuna shi, sunan ne kaɗai tagar da mutum zai leƙa. Ban hana a rubuta aron a takardar shaida ba, amma a baki ina son wadda Inna za ta ji ta gane.

9. Gyaran da na karɓa hannu bibbiyu daga wata Yaya ce mai koyarwa. Zaman da mai bincike ke yi cikin mutane, wanda wasu ke fassarawa “aikin fili” har ka zaci awon gona za a je, ni na so a kira shi “zaman baƙunci”. Ta ce a'a, baƙo raɓa ne, ba ya shekara, ba a ba shi tsintsiya, ana ɓoye masa rigimar gida. Mai wannan bincike kuwa burinsa a daina yi masa shimfiɗar baƙo. Ta ƙara da cewa wani a cikin mutanensa yake zama, kamar Jomo Kenyatta, wanda ya yi karatu a hannun Malinowski a Landan ya rubuta littafi a kan mutanensa Kikuyu na Kenya a 1938. Shi ba baƙo ba ne. Ta kawo “zaman cuɗanya”. Na yarda, Yaya, taki ta fi tawa, domin cuɗanya na nufin kai ma an taɓa ka, ba ka tsaya gefe da littafi kana kallo ba.

10. Amma “baƙunci” ba ta faɗi ƙasa banza ba, ta samu gurbinta: shekarar nan ta uku da Auta za ta yi a wata ƙasa. A kira ta “shekarar baƙunci”. “Musayar ɗalibai” sunan yarjejeniyar jami'o'i ne, irin shirin Erasmus da Turai ta fara a 1987, ba sunan abin da ke faruwa da ɗalibar ba. Ga mai karanta lissafi shekarar waje ƙari ce, lissafi ɗaya ne ko'ina. Ga mai karanta zaman al'ummu ita ce darasin farko da ake yi da jiki. Za ta shiga aji ba ta san ko ana kiran malami da sunansa ba, za ta gaisa a inda ba a gaisawa, za ta yi shiru a inda ake jiran ta yi musu, za a yi dariya ba ta san me aka faɗa ba. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Makantar nan ake so ta ɗanɗana, ta rubuta ta kullum da dare tun ba ta saba ba, saboda bayan wata shida ido ya buɗe, abin mamaki ya zama na yau da gobe. Ranar da ta komo kuma, gidan da ta tashi a ciki zai ba ta mamaki, ta fara tambayar abin da ba ta taɓa tambaya ba.

11. Mutumin da ke buɗe wa mai bincike ƙofa, ban so a ce masa “mai ba da bayanai”, tana ƙamshin ofishin 'yan sanda. “Mai masauki” idan a gidansa aka sauka, “abokin hira” idan ba haka ba.

12. Jiya da daddare na koma wajen Inna na ce, “Inna, ilimin zaman al'ummu Auta za ta karanta. Za ta je ta zauna da mutanen da ba nata ba, ta koyi harshensu, ta ga yadda suke aure da ciniki da sulhu, ta rubuta.” Ta gyaɗa kai ta ce, “To, a ce ta riƙe gaisuwa, kuma kada ta rubuta abin da aka faɗa mata a asirce.” Auta ta ce a shekarar farko ma akwai darasi a kan haka.

13. Saura guda da ban samo ba: “etinogirafi”, wato littafin da ake rubutawa bayan an gama zaman cuɗanya, kamar na Trobriand ko na Azande. Na gwada “rahoto”, ta yi bushewa. “Labari” kuma za a ɗauka ƙage ne. An kawo mini “bayanin al'umma” da “shaidar zama”, zuciyata ta fi karkata ga ta biyun, amma ina jin kamar takardar hukuma. Malamai da iyaye, wanda ke da wadda ta fi, ya ajiye mana a nan.