Inna ta daina barci tun rasuwar Baba, an ce taifod ne, an ce sammu ne

'Yar Ɗambatta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kan mahaifiyata. Ta haura shekara 60, tana wani ƙauye gaba da Ɗambatta, ni kuma aure ya kawo ni Kano. Tun da Baba ya rasu bara waccan ta sauya. Matar da duk unguwa ke sayen man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a wurinta, yanzu kaji ne ke ƙwai a turminta. Ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki. Tun kafin kiran assalatu take farkawa, ta zauna bakin gado har gari ya waye. Ko ka tambaye ta ba za ta ce ranta a ɓace yake ba. Sai dai ta ce kanta na zafi kamar an ɗora garwashi, wani abu na yi mata yawo a jiki, ƙirjinta na bugawa.

Mai kyamis ya ce taifod ne, an yi allurai, an ƙara ruwa, shiru. Su Kawu suka ce sammu ne, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maƙwabciyata a nan, ma'aikaciyar banki, irin haka ta same ta, wata bai ƙare ba ta ga likitan ƙwaƙwalwa kuma ta samu sauƙi. Ita Inna kuwa ina ambatar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau za ta ce na mayar da ita mahaukaciya. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Malamar Jinya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna lafiya. Ba a gano ciwo daga nesa, amma abin da kika lissafa ya yi kama da ciwon damuwa mai tsanani. Iyayenmu mata ba su saba faɗin abin da ke ransu ba, jikinsu suke nunawa, shi ya sa suke ƙarewa a maganin zazzaɓi da taifod. Gwajin Widal ɗin da ake dogara da shi kuwa yakan nuna taifod ko babu ita.

Kada ki fara da Dawanau. Kai ta ɓangaren ganin likita na babban asibiti, ki ce mata awon hawan jini za a yi, kuma gaskiya ne, sai an yi. A duba jini, suga da maƙoƙo, don matsalarsu kan kawo kasala irin wannan. Ki shiga tare da ita, ki faɗa wa likita maganar barcin da daina sana'ar, don ita ciwon kai kawai za ta ambata. Shi zai tura ku inda ya dace. Asibitin Malam Aminu Kano ma yana da sashen ƙwaƙwalwa, kuma ta ƙofar da kowa ke shiga ake shiga, ba mai nuna ta da yatsa.

In an ba ta magani, sai ya yi mako 2 zuwa 4 kafin a ga canji, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. Nan ne mutanen ƙauye suka fi faɗuwa: kuɗin mota ya gagara, a daina. Don Allah kar a saya mata maganin barci a kyamis, yana sa tsofaffi jiri su faɗi, kuma jiki na sabawa da shi. In kuma kika ji tana cewa gara ta mutu ta huta, ko ta ƙi ci da sha, to ranar za ku tafi, ba gobe ba.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, ba ke kaɗai ba ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma a birane suke. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa da muka sani a Arewa su ne Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, sai Dawanau. Dokar kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa da aka yi ta aiki da ita ta 1958 ce, ta zamanin Turawa, sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwa. Takarda dai ta sauya, amma je ki ƙaramin asibitin ƙauye ki gani.

Batun kawunnanki kuma, kada ki yi musu da su kan sammu, ba za ki ci riba ba. A ci gaba da addu'a, a haɗa da asibiti. Nemi wanda Innar ta fi jin nauyinsa, limami ko babban wanta, shi ya ce a je.

'Yar Ɗambatta:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba Hedimasta, akwai yayarta a Kazaure da ba ta iya yi wa musu, yau zan kira ta. Malama, tambaya ɗaya: kwanan nan takan manta inda ta ajiye carbi ko makulli. Shi ma in faɗa wa likita?

Malamar Jinya:
Ki faɗa masa. Damuwa na kawo mantuwa, ruɗewar tsufa ma na kawowa, kuma kulawarsu ta bambanta. Ki rubuta tun yaushe ta fara, sannan ki zuba duk magungunan da take sha a leda, har na gargajiyar, ku tafi da su.