Abin da muka tattara a fada kan kafa panno na sola

Jiya a fadarmu ta Birni hira ta kai mu kan panno, wai ina ya kamata ya fuskanta, kowa da tashi har shayi ya huce. To ga abin da na riƙe.

Mai gyaran lantarki da ke cikinmu ya ce kudu, ba gabas ba, don mu Damagaram arewa da ikwaita (layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu) muke, wajen digiri 14, shi ya sa yawancin shekara rana ta kudu take ratsawa. Karkatarwa kuma kamar digiri 15 ta isa, kar a shimfiɗa shi kwance, in ba haka ba ƙura da kashin tattabaru za su zauna kai, ruwan sama ma ba zai wanke ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar inuwa. Wani ya ce nashi reshen dogon yaro ɗaya tak ke taɓa gefe da la'asar amma bateri ba ya cika, ashe inuwa kaɗan a gefe ke ja wa sauran pannon baya, sai da ya sare reshen. Ni ma na duba namu, parabol ce ke rufe shi da safe, wallahi ban taɓa lura ba.

Kar a manna shi da kwano, a bar iska ta bi ta ƙasa, zafin watan Afrilu na rage mishi ƙarfi. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura da sassafe da tsumma mai laushi, kafin gilashin ya ɗau zafi. Ƙarfen da ke riƙe da pannon kuma a ɗaure sosai saboda iskar da ke zuwa gaban hadari.